Dolfin Mai Haƙorin Shak: Nazari a kan Rabe-Raben Dangin Squalodontidae da Tarihin Burbushinsu

1.0 GABATARWA

Daga cikin dabbobin teku da suka yi zamani suka shuɗe tun kafin bayyanar ɗan Adam a doron ƙasa, akwai wani dangi da masana kimiyyar halittun dauri suka laƙaba wa suna Squalodontidae, wato dangin dolfin mai haƙorin shak. Waɗannan dabbobi sun rayu ne daga kimanin shekaru miliyan 28 zuwa miliyan 15 da suka wuce, kuma babu abin da ya saura nasu a yau sai ƙasusuwa da haƙoran da suka sandare a cikin duwatsu. Duk da haka, sun shafe fiye da shekara 180 suna jawo muhawara tsakanin masana dangane da matsayinsu a cikin rabe-raben dabbobi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda aka gano wannan dangi, da wuraren da aka tsinci burbushinsa, da kuma yadda rabe-rabensa ya yi ta sauyawa daga ƙarni na 19 zuwa yau. Za a nuna cewa a kan siffar haƙori aka aza harsashin sunan dangin, kuma wannan siffa, duk da irin fitowarta fili, ba ta isa hujjar dangantaka ba. Wannan shi ya sa tarihin dangin ya kasance na tankaɗe da rairaya: an fara da tara dabbobi masu yawa a ƙarƙashin suna guda, daga baya aka riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda cikakkun ƙasusuwa suka bayyana.

2.0 MA'ANAR MUHIMMAN KALMOMI

Da yake Bahaushe ba mazaunin gaɓar teku ba ne, harshensa bai tanadi sunayen manyan dabbobin teku ba. Saboda haka ya zama wajibi a fayyace kalmomin da za a yi amfani da su.

2.1 Dolfin, Wel, Shak da Sil

Dolfin dabba ce mai zubin kifi, amma ba kifi ba ce, domin da huhu take numfashi, haihuwa take yi, kuma tana shayar da ɗanta nono. Tun zamanin Aristotle aka lura da haka, sai dai Carl Linnaeus ne, a 1758, ya sanya ta cikin dabbobi masu shayarwa a tsarinsa na rabe-rabe. Wel kuwa suna ne da ya game dolfin da manyan 'yan'uwanta, waɗanda a kimiyyance ake kira Cetacea. Wel na yau sun kasu gida biyu: masu haƙori, wato Odontoceti, inda dolfin take, da masu matacin baki, wato Mysticeti, waɗanda ke tace ƙananan halittu daga ruwa da wasu faifai masu gashi da ke rataye a dasashinsu. Shak kifi ne na haƙiƙa, mafarauci, mai haƙora masu kusurwa uku da kaifi kamar zarto. Sil kuma dabba ce mai shayarwa da ke farauta a teku, ta fito gaɓa ta huta ko ta haihu.

Mai karatu zai iya tuna ayu, dabbar ruwa mai shayarwa da Hausawa suka sani. Sai dai ayu ya fi kusa da giwa ta fuskar asali. Dabbar da ta fi kowace kusanci da wel a cikin masu rai ita ce dorina.

2.2 Burbushi da Zamunan Ƙasa

Burbushi a nan yana nufin ragowar jikin wata halitta, kamar ƙashi ko haƙori, da laka ko yashi ya binne, ma'adinai suka ratsa shi har ya taurare kamar dutse. Da yake laka tana kwanciya ne hawa-hawa, shimfiɗar ƙasa ta girmi ta samanta, kuma ana auna shekarun shimfiɗa ta hanyar tokar aman wuta da ke cikinta ko ta ƙananan halittun da aka binne tare. Zamuna uku ne suka shafi wannan nazari: Iyosin, daga shekaru miliyan 56 zuwa 34 da suka wuce; Oligosin, daga miliyan 34 zuwa 23; da Mayosin, daga miliyan 23 zuwa 5.

2.3 Matakan Rabe-Rabe

Kowace dabba tana da suna mai kalma biyu na Latin. Kalmar farko ta gida ce, ta biyu kuma ta nau'i. Alal misali, zaki shi ne Panthera leo, damisa kuma Panthera pardus. Ke nan nau'i biyu ne a gida ɗaya, kuma su da kyanwa sun haɗu a dangi guda mai suna Felidae. Ɗafa-ƙeyar -idae tana nuna dangi, -oidea kuma babban dangi mai ƙunshe da dangogi da dama. Akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata a riƙe. Ta farko, kowane suna yana rataye ne a kan wani samfurin asali, wato ƙashin da aka fara bayyana nau'in da shi. Ta biyu, sunan da aka fara bayarwa bisa ƙa'ida shi ke tabbata, ko da daga baya an gano ma'anarsa ba ta dace da dabbar ba.

3.0 ASALIN DANGIN

Kakannin wel dabbobin tudu ne masu ƙafa huɗu. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa shi ne Pakicetus na ƙasar Pakistan, wanda ya rayu wajen shekaru miliyan 50 da suka wuce, aka kuma bayyana shi a 1981. A 2001 an bayyana ƙasusuwan idon sawu na irin waɗannan dabbobi, waɗanda suka tabbatar da alaƙarsu da dabbobi masu rababben kofato. Nijeriya ma tana da kaso a wannan babi, domin a kusa da Ameki da ke kudu maso gabashin ƙasar aka tono muƙamuƙin Pappocetus lugardi na zamanin Iyosin, wanda C. W. Andrews ya bayyana wajen 1920, ya kuma raɗa masa sunan Gwamna Lugga.

Zuwa ƙarshen Iyosin, an sami dangin Basilosauridae waɗanda suka koma teku kacokan, kuma daga cikin irinsu ne rukunonin wel biyu na yau suka tsiro, kimanin shekaru miliyan 36 zuwa 34 da suka wuce. Abin lura a nan shi ne, waɗannan kakanni suna da haƙora iri-iri: na gaba masu tsini, da matauna masu faɗi, masu saiwa biyu da 'yan tsinaye a gefe. Wannan batu shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

4.0 SIFFOFIN SQUALODON

Gidan Squalodon shi ne tushen dangin, kuma jikinsa ya haɗa tsofaffin siffofi da sababbi.

Ta fuskar haƙora, ya riƙe gadon kakanni. Haƙoran gaba dogaye ne masu tsini, wasunsu sun miƙe gaba sun zarce ƙarshen baki. Matauna kuwa masu kusurwa uku ne, da saiwa biyu, da 'yan tsinaye a jere kamar bakin zarto, rufinsu kuma yana da tamoji. Amma adadinsu ya haura 44, wanda shi ne ainihin adadin haƙoran dabbobi masu mahaifa na dauri. Idan aka dubi dolfin na yau za a ga bambanci ƙarara, domin nasu haƙoran duk zubi ɗaya ne kamar turaku, saiwa ɗai-ɗai, kuma a wasu nau'o'in sukan wuce 200.

Ta fuskar ƙoƙon kai kuwa, Squalodon ya yi nisa a kan tafarkin dolfin na yau. A wajen dabbar tudu kamar kare ko akuya, kafofin hanci suna can ƙarshen baki. A wajensa sun koma saman kai, ƙasusuwan muƙamuƙin sama kuma sun miƙe baya sun hau kan ƙashin goshi, kamar yadda ake jera kwanon rufi wani bisa wani. Fuskar tana da kwari, inda a dolfin na yau wani curin kitse yake zama. Da wannan curi ne dolfin ke saita sautin da take aikawa cikin ruwa, ta saurari amsa-kuwarsa don gane abin da ke gabanta, kamar yadda jemage ke yi a cikin duhu. Wannan ya sa masana ke ganin Squalodon ma yana da wannan baiwa, musamman da yake an ga alamunta a jikin Cotylocara, wata dabba mai shekaru miliyan 28 daga reshen da ya riga shi rabuwa, wadda aka bayyana a 2014.

Bakinsa zungurere ne, ƙasusuwan wuyansa ba su manne da juna ba, saboda haka yana iya juya kai fiye da yawancin dolfin na teku a yau. Tsawon Squalodon calvertensis ya kai kimanin mita 3, Squalodon whitmorei kuwa ya kai mita 5 ko fiye. Ƙarfin haƙoransa da irin zaizayar da ake gani a jikinsu sun sa ana kyautata zaton yana kama manyan kifaye da sauran dabbobi masu tauri, ya yayyanka su kafin haɗiya.

5.0 TARIHIN GANOWA DA RAƊA SUNA

A 1670 wani mai zane ɗan Messina ta tsibirin Sisili, Agostino Scilla, ya wallafa littafi don kare ra'ayin cewa burbushi ragowar halittu ne na gaskiya, saɓanin masu cewa siffofi ne kawai da ke tsirowa a cikin dutse. Daga cikin zane-zanensa akwai guntun muƙamuƙi mai haƙora uku daga tsibirin Malta. Wannan guntu na Squalodon ne, kuma yana cikin burbushin wel mafi daɗewa da aka zana a littafi. Daga baya tarin kayan Scilla ya shiga hannun John Woodward, kuma yana ajiye a gidan tarihi na Sedgwick da ke Jami'ar Kambirij a Ingila. Wasu masanan ƙarni na 19 sun ɗauka na sil ne, har Louis Agassiz ya kira shi Phocodon, wato haƙorin sil.

Sunan da ya tabbata ya fito ne daga Faransa. A 1840 wani likita, Jean-Pierre Grateloup, ya bayyana guntun muƙamuƙi da aka tono a Léognan, kusa da birnin Bordeaux. Ya ɗauka na wani shirgegen ƙadangare ne ɗan'uwan Iguanodon, kuma saboda kamar haƙoran da na shak ya haɗa kalmar Latin squalus, wato shak, da ta Girkanci odon, wato haƙori. Ba a daɗe ba aka gane cewa dabba ce mai shayarwa, kuma a 1843 Hermann von Meyer ya raɗa wa nau'in suna don tunawa da Grateloup. A 1873 J. F. Brandt ya kafa dangin Squalodontidae.

Irin wannan kuskure ya sake aukuwa a wasu wurare. A 1856 Joseph Leidy ya sami haƙora daga jihar New Jersey ta Amurka, ya kira su Macrophoca, wato babban sil. A 1935 W. B. Benham ya bayyana wasu ƙasusuwa daga Kakanui ta Niyu Zilan da sunan Tangaroasaurus, yana zaton na ƙadangaren teku ne, alhali na wel ne mai irin waɗannan haƙora. Ke nan haƙori iri guda ya sa an kira dabba da sunan shak, an jingina ta ga ƙadangare, an kuma jingina ta ga sil, alhali ba ta cikin ko ɗaya daga cikinsu.

6.0 WURAREN DA AKA SAMI BURBUSHI

6.1 Turai

A zamanin Oligosin da farkon Mayosin, tekuna marasa zurfi sun rufe sassa da dama na Turai. Wannan ne dalilin da ya sa ake tono ƙasusuwan dabbobin teku a wuraren da yau suke nesa da gaɓa. A Doberg, kusa da garin Bünde na Jamus, aka sami Eosqualodon langewieschei na ƙarshen Oligosin, wanda Karlheinz Rothausen ya bayyana a 1968, kuma yana cikin mafi tsufa a dangin. A yankin Drôme na kudancin Faransa aka sami kyakkyawan ƙoƙon kai na Squalodon bariensis, wanda Jourdan ya bayyana a 1861. A Belluno da ke gindin tsaunukan arewacin Italiya, ma'aikatan fasa dutse sun riƙa cin karo da ƙoƙunan kai, waɗanda Giorgio Dal Piaz na Jami'ar Padua ya yi nazari a kansu a farkon ƙarni na 20, daga cikinsu akwai Squalodon bellunensis. A Beljiyam kuwa, haƙar ganuwar tsaro a kewayen birnin Antwerp a tsakiyar ƙarni na 19 ta fito da ɗimbin ƙasusuwan wel, waɗanda P. J. Van Beneden ya bayyana Squalodon antverpiensis daga cikinsu.

6.2 Arewacin Amurka

Wuri mafi muhimmanci shi ne gaɓar Calvert da ke bakin mashigin Chesapeake a jihar Maryland, inda igiyar ruwa ke zaizaye gangare tana fito da ƙasusuwan Mayosin. Daga nan Remington Kellogg ya bayyana Squalodon calvertensis a 1923, bisa ƙoƙon kai da wani sashe na gangar jiki, kuma wannan nau'i ya zama ma'aunin da ake gwada saura da shi. A 2005 Alton Dooley ya bayyana Squalodon whitmorei daga shimfiɗun duwatsu masu wannan suna na Calvert. Samun babba da ƙarami a yanki guda yana nuna alamar cewa kowanne da irin abincin da yake nema.

6.3 Kudancin Duniya

A yankin Chubut na Ajantina an sami Prosqualodon australis, wanda Richard Lydekker ya bayyana a 1894, da Phoberodon arctirostris, wanda Ángel Cabrera ya bayyana a 1926. A tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, T. T. Flynn ya bayyana Prosqualodon davidis a 1923. Bakin Prosqualodon gajere ne mai faɗi, saɓanin na Squalodon. Haka nan duwatsun farar ƙasa na yankin Otago a Niyu Zilan sun samar da ƙasusuwa masu yawa na ƙarshen Oligosin. Tsawon lokaci ana ƙirga duk waɗannan a cikin dangin, abin da ya sa aka ɗauka cewa Squalodontidae sun game tekunan duniya.

7.0 MATSALAR RABE-RABE

7.1 Raunin Shaidar Haƙori

Haƙori shi ne ɓangaren jiki mafi tauri, saboda haka shi ya fi jure binnewa, shi aka fi tsinta. Masanan ƙarni na 19 sun riƙa raɗa sabon suna ga kusan kowane haƙori mai bakin zarto da ya zo hannunsu. Illar wannan ita ce, haƙoran gaba da na baya a bakin dabba guda sun bambanta ƙwarai, haka ma na sama da na ƙasa, don haka dabba ɗaya tana iya samun suna biyu ko uku. A ɗaya ɓangaren, dabbobi mabambanta suna iya tarayya a kan haƙori mai zubi ɗaya. Lokacin da Dooley ya yi bitar nau'o'in gabashin Amurka a 2003, ya nuna cewa da yawa daga cikin tsofaffin sunayen ba su da madafa, domin samfurinsu na asali bai ƙunshi abin da zai bambanta su da saura ba. Shi kansa samfurin Grateloup, wanda sunan gida da na dangi suka rataya a kansa, guntun baki ne kawai.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi. A 1945 G. G. Simpson ya tara waɗannan dabbobi a babban dangi mai suna Squalodontoidea, aka riƙa kallonsu a matsayin wani mataki tsakanin kakannin Iyosin da dolfin na yau. Amma tsarin da Willi Hennig ya gabatar a 1950, wanda ya yaɗu bayan 1966, ya kawo sabon ma'auni. A wannan tsari, sabuwar siffa da wasu dabbobi suka keɓanta da ita ce kaɗai ke nuna kusanci, tsohuwar siffar da kowa ya gada daga kaka mai nisa ba ta nuna komai. Alal misali, shayarwa ba za ta nuna cewa akuya ta fi kusa da tunkiya a kan kare ba, tun da duk ukun suna shayarwa. Ƙaho ne ya ware akuya da tunkiya da saniya wuri guda.

Idan aka ɗora haƙorin Squalodon a kan wannan ma'auni, sai a ga tsohuwar siffa ce. Basilosauridae suna da ita. Har ma kakannin wel masu matacin baki, waɗanda ba su cikin rukunin dolfin sam, suna da ita, kamar Llanocetus na Antatika da Janjucetus na Ostireliya da Coronodon na Amurka. Ashe ke nan siffar da aka kafa dangin a kanta gado ne na kowa da kowa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

7.2 Nau'o'in da Aka Zare

Da masana suka mai da hankali ga cikakken ƙoƙon kai, da ƙasusuwan cikin kunne masu ɗauke da lunguna da kusurwoyi da yawa, da kuma allon kafaɗa, sai dangin ya fara raguwa. Ga wasu misalai:

(a) Squalodon ehrlichii daga Linz ta Ostiriya, wanda Van Beneden ya raɗa wa suna a 1865. A 1913 Othenio Abel ya ware masa gida mai suna Patriocetus, yana ganin shi ne kakan wel masu matacin baki. Yanzu an san yana cikin masu haƙori na farko-farko.

(b) Squalodon tiedemani daga yankin Charleston na Amurka, wanda Allen ya bayyana a 1887 bisa guntun baki. A 2020 Robert Boessenecker da abokan aikinsa sun yi nazarin wani kwarangwal da ya kusa cika, mai tsawon kimanin mita 4.8, suka nuna cewa reshensa daban ne, suka mai da shi gidan Ankylorhiza.

(c) Squalodon errabundus daga Kalifoniya, wanda Kellogg ya bayyana a 1931. Nazarin ƙoƙon kansa ya nuna dabba ce mai siririn baki dogo, kuma a 2009 Barnes da Reynolds suka mai da ita gidan Zarhinocetus a dangin Allodelphinidae.

(d) Prosqualodon marplesi daga Niyu Zilan, wanda aka bayyana a 1964. Ewan Fordyce ya mai da shi gidan Notocetus a 1994, sannan a 2014 shi da Yoshihiro Tanaka suka ba shi sabon gida mai suna Otekaikea.

(e) Phoberodon na Ajantina. A 2018 Mariana Viglino da abokan aikinta sun sake nazarinsa, suka ga reshe ne mai zaman kansa daga cikin masu haƙori na farko.

Shi ma Prosqualodon yawancin masana sun fitar da shi. Har wa yau, sababbin dabbobi masu irin waɗannan haƙora, kamar Waipatia ta Niyu Zilan a 1994 da Inticetus na Feru, tun daga farko aka ba kowannensu danginsa. Abin da ya saura a matsayin ƙashin bayan Squalodontidae shi ne Squalodon da Eosqualodon. Wannan ya shafi taswirar yaɗuwarsu ma, domin mafi ƙarfin shaida ya koma Turai da gaɓar gabashin Amurka, ko da yake akwai ƙasusuwa daga Niyu Zilan da ake ci gaba da jingina wa dangin.

7.3 Alaƙa da Dolfin na Kogunan Indiya da Pakistan

Tambayar da ta rage ita ce, wane ne makusancin wannan dangi? A rubuce-rubucensa na 1987 zuwa 1994, Christian de Muizon na Faransa ya kawo ra'ayin cewa Squalodontidae suna cikin babban dangin Platanistoidea. A yau gida ɗaya tak ya saura da rai a wannan babban dangi, wato Platanista, dolfin mai raunin gani da ke zaune a kogunan Ganges da Indus, wadda a 2021 aka tabbatar nau'i biyu ce. Hujjarsa ita ce wasu siffofi na allon kafaɗa, musamman ƙanƙancewar wani ƙugiya da ke gabansa, da wasu na ƙasusuwan kunne. Fordyce ya goyi bayan wannan ra'ayi a 1994. Idan haka ne, dolfin na waɗannan koguna ita ce ragowar wata babbar zuriya da ta taɓa cika tekuna.

Sai dai nazarce-nazarce da dama na baya-bayan nan, waɗanda ke gwada ɗaruruwan siffofi da kwamfuta, sun fitar da Squalodontidae daga Platanistoidea, suka ajiye su a matsayin reshen da ya rabu tun kafin kakan da ya haɗa dukkan masu haƙori na yau. A kan wannan ra'ayi na biyu, ba su bar magaji ko makusanci na musamman ba. Sakamakon yakan sauya gwargwadon nau'o'in da aka shigar da nauyin da aka ba kowace siffa. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa shi ne, Squalodon ba kakan dolfin na tekunan yau ba ne, wato dangin Delphinidae.

8.0 ƁACEWAR DANGIN

Burbushin Squalodon ya ɗauke a tsakiyar Mayosin. Masana sun danganta wannan da al'amura biyu da suka zo lokaci guda. Na farko shi ne sauyin yanayi. Bayan wani lokaci na ɗumi tsakanin shekaru miliyan 17 da 15 da suka wuce, duniya ta shiga sanyi wajen miliyan 14, ƙanƙarar Antatika ta ƙaru, ruwan teku ya ja baya, tekuna marasa zurfi da waɗannan dabbobi suka saba da su suka ƙuntata. Na biyu shi ne bunƙasar wasu ƙananan dolfin masu haƙora zubi ɗaya, irin su Kentriodon, waɗanda suke kusa da tushen dolfin na yau, kuma ana samun ƙasusuwansu tare da na Squalodon a duwatsun Calvert. Ɗaya daga cikin dalilan biyu ba ya kore ɗaya. Abin da duwatsu suka nuna a fili shi ne, da shuɗewar wannan dangi aka rufe babin matauna masu saiwa biyu da bakin zarto a tsakanin wel masu haƙori.

9.0 KAMMALAWA

A wannan maƙala an bibiyi dangin Squalodontidae tun daga zanen Scilla na 1670 da sunan Grateloup na 1840, har zuwa gyare-gyaren 2018 da 2020. An ga cewa dabbobi ne masu ƙoƙon kai irin na dolfin da haƙora irin na kakanni, waɗanda aka fi samun tabbataccen burbushinsu a Jamus, Faransa, Italiya, Beljiyam, Malta da gabashin Amurka. An kuma nuna cewa haƙorin da ya ba su suna shi ne ya fi komai ɓatar da masana, da farko saboda ya yi kama da na dabbobin da ba su da alaƙa da su, daga baya kuma saboda tsohon gado ne da rassan wel da dama suka yi tarayya a kansa. Daga babban dangi da ya tattara dabbobin nahiyoyi da yawa, an dawo ga gida biyu da aka fi amincewa da su. Sunan haƙorin shak zai ci gaba da zama, domin ƙa'idar raɗa suna ta kare shi. Amma tantance waɗanda suka cancanci shiga ƙarƙashinsa, da warware alaƙarsu da Platanista, ya dogara ne ga sake nazarin tsofaffin samfuran da ke gidajen tarihi na Turai, da kuma samun kwarangwal da ya haɗa ƙoƙon kai da ƙasusuwan kunne da allon kafaɗa na dabba guda.